Mai Wankan Gawa Ta Fara Magana

Kampung Tok Randu,
Asabar.

Zuwa ga ƙanena Mazlan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri, Lan, na san aikin majalisa ya sha maka kai, ga shi na zo zan ɗora maka karatun doguwar takarda. Da da yadda zan yi, da ban dame ka ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon cikin nan ya bar ka kana cin abinci.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. Mak ce, mahaifiyarmu. Ta manta ranaku, wani lokaci ta manta ta ci abinci, amma kunnenta yana nan garau. Ina ɗaga waya za ta zo ta tsaya a kaina. Shi ya sa na cusa wannan a kwalin busasshen kifi na ba direban bas.

Ka san tun ba a haife ka ba Mak ke wanke matan garin nan idan sun rasu. Ka tuna ranar da ka tambaye ta yadda gawa take, ta murɗe maka kunne ta ce abin da ido ya gani a ƙarƙashin zane, nan yake kwana? Ni da na yi shekara da shekaru ina zuba mata ruwa, ban taɓa jin ta dawo gida ta ce uffan ba. Ko mahaifinmu har ya koma ga Allah bai ji ba.

To, Lan, ta fara magana.

An yi walimar tafiya Hajji a maƙwabta, muka je taya girki. Na zaunar da ita cikin masu yanka albasa, don hannunta bai manta aiki ba. Ana hira, ana kankare kwakwa, sai wata ta ambaci sunan wata baiwar Allah da ta daɗe da rasuwa. Mak ta ɗago kai, ta faɗi abin da ta gani a jikin matar ranar da ta wanke ta. Da murya tas, kamar mai faɗin yadda kasuwar kifi ta kasance. Ba zan rubuta sunan ba, ba zan rubuta maganar ba. 'Yar marigayiyar tana zaune kusa da mu da wuƙa a hannu. Ta ajiye wuƙar, ta sauka matakala, ta tafi gida ba takalmi. Mak ta dube ni ta ce, "Bedah, miƙo min albasar nan. 'Yan matan yanzu yanka suke kamar masu faskare."

Washegari ɗan marigayiyar ya zo. Bai hau ba, a gindin matakala ya tsaya. Ya ce, "Kak Bedah, Mak Sepiah uwa ce a wurinmu. Amma don Allah ki riƙe ta a gida." Na ce to. Me zan ce?

Na sayi kwaɗo. Ga shi na rubuta. Idan zan sauka ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da ke ɗauke da shi, in karantar da yara, ko zan je kasuwa, sai in kulle ta. Masu zuwa gaisuwa in ce musu tana barci. In koya wa yara da la'asar cewa ƙarya haramun ce, in hau sama in yi ta. Ko surau, ƙaramin masallacin unguwa, ta daina zuwa sallar magariba. Na san an ɗage mata alƙalami, malamanmu sun faɗa, ita ba ta da laifi. Ni fa?

Abin da ya fi ci min rai, duk sanda lasifikar surau ta sanar da rasuwa, sai ta ɗauko kwandonta, kafur da auduga da ganyen magarya da ya bushe tun bara, ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta bugawa. Tsayawa kawai take, tana jiran in buɗe.

Da ka zo hutun Sallah ka ce shugabarka a majalisar jiha, Puan Rohaya, ta kai ƙudirin doka saboda masu ciwon mantuwa da masu jinyarsu. Ban saurare ka da kyau ba a lokacin, na ɗauka maganar birni ce. Ina aka kwana? Akwai wani abu a ciki da zai sa in cire ƙarfen nan daga ƙofar uwata?

Ka gafarce ni da tsawon magana. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Yayarka,
Zabedah

*

Babban birnin jiha,
Talata.

Kak Long,

Wa alaikumus salam, babbar yaya. Kifi ya iso, takarda ta iso, kuma duk ofis sun san an yi min aike daga ƙauye, don har yanzu fanka na juya warin. A duniyar nan ke kaɗai kika rage mai rubuta wasiƙa, ke da masu karɓar haraji. To ga ni na bi sahu, kada Mak ta ji. Maganinta na cikin ledar nan, farin da safe ake sha.

Na karanta takardarki na maimaita. Karon farko na yi dariya a wurin albasa. Na biyu ban yi ba.

Ga yadda dokar take. Idan ta wuce, kowace gunduma za ta sami gidan yini, inda za a kai irin su Mak da safe a ɗauko su da yamma, a hannun mutanen da aka koya wa aikin, aka kuma ɗaure su da sharaɗin riƙe sirri. Sannan mai jinya za ta iya neman ma'aikaciya ta zo gida ta karɓe ta, ita ta je kasuwa, ta je asibiti, ko ta miƙe ta yi barci kamar mutum. Yaushe rabonki?

Amma ta maƙale a kwamiti. Wani dattijo a cikinsu ya miƙe ya ce, "A jihar nan 'ya'ya ke riƙe iyayensu, ba gwamnati ba. Wanda ya gaji da uwarsa ya je ya ji kunya a ɗakinsa, kada ya kawo mana doka." Aka yi ta buga tebur ana yaba masa. Shi kuwa 'yan aiki ke juya tasa uwar, ko launin bargonta bai sani ba. Kada ki ce komai, na san ni ma daga Sallah sai Sallah.

Puan Rohaya ta samu an yarda a yi zaman jin ra'ayin jama'a farkon wata mai kamawa. Likitoci za su zo da ƙididdiga, su kuwa 'yan majalisa ƙididdiga barci take sa su. Abin da ake buƙata mutum ya tsaya ya faɗi abin da ke faruwa a gidansa. Duk wanda muka nema sai ya ce su lafiya lau, tsufa ne kawai.

Jiya muna cin abincin rana na ba ta labarin Mak a taƙaice. Kak, sai da ta ajiye cokali. Ta ce, "Matar da ta riƙe sirrin matan gari duk rayuwarta, ciwo ya zo ya buɗe mata baki? Mazlan, wannan ko dutse ya ji sai ya sa hannu." Ki zo ki faɗa musu da bakinki. Ke da kike sa yara su yi tsit da kallo ɗaya, 'yan majalisa ne za su gagare ki? Zan aiko mota.

Ki sumbaci hannun Mak a madadina. Ki ce autanta na gaishe ta, idan ta tuna tana da auta.

Naki,
Lan

*

Kampung Tok Randu,
Lahadi.

Ƙanena Mazlan,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, na gode da magani, Allah ya saka da alheri. Ina fatan kana lafiya.

Lan, ka ba wata labarin Mak a kan farantin shinkafa. Ban ga laifinka sosai ba, ni na fara sa shi a takarda. Tun da na karanta taka nake istigfari.

Ba zan zo ba. Ka yi tunani, gida nawa ne a gundumar nan da Mak ba ta shiga da kwandonta ba? Yanzu matan walima kaɗai suka ji, kuma sun yi mana kara, sun bar maganar a wurin. In na tsaya gaban majalisa, 'yan jarida na rubutawa, na ce mai wankan gawar Tok Randu ta fara faɗin abin da ta gani, duk mai uwa ko mata ko 'ya a maƙabarta zai shiga tambayar kansa me za ta faɗa a kan tasa. Kuma sunan da ta ƙare rayuwarta tana ginawa ya rushe ke nan, a riƙa cewa tsohuwar nan da ta tona asirin matattu. Ita ciwo ne ya sa ta yaye zanen mutane. Ni da hankalina zan yaye nata?

Ban so in faɗa maka na gaba ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Mak Esah, aminiyar Mak, ta rasu ranar Alhamis. Ka san tare suka yi aikin nan kafin gwiwa ta zaunar da ita, kuma duk gari ya san alƙawarinsu: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. Har wasa suke da shi. Mak Esah ta ce, "Sepiah, in kin zo kaina ki ɗumama ruwan, kin san ba na shiri da sanyi." Mak ta ce, "Ki kuskura ki riga ni, da ruwan rijiya zan yi miki, ki gane kurenki."

Da lasifika ta fara, na ƙure rediyo don kada ta ji sunan. Ta riga ta ɗauko kwando. Na ce mata namiji ne ya rasu, ba aikinmu ba ne. Ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta zauna. 'Yar Mak Esah ta zagayo ta baya, ta kira ni a hankali. Ba ta ce in zo da Mak ba, ba ta ce kada in zo da ita ba. Ƙasa kawai ta duba ta ce, "Kak Bedah, ke muke jira." Na fahimta. Ɗaki zai cika da mata, 'yan uwa su miƙe ƙafa a ɗora musu gawar a cinya kamar yadda aka saba, kunnuwa ta ko'ina.

Na kulle, na tafi. Na ɗumama ruwan. Wannan kaɗai na iya cika mata.

Da na dawo na wanke hannu da sabulu har ya yi ja, sannan na kawo wa Mak shayi. Ta kama hannuna da nata biyu, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ta ce, "Wa kika wanke?"

Na ja hannuna, ta riƙe.

Ta ce, "Mace ce. Ba a kiran ki kan namiji. Bedah, wa kika wanke ba ni?"

Na ce wata baƙuwa ce daga wani gari. Ta sake ni. Kafin shayin ya huce ta manta. Da la'asar ta ce in je in kira mata Esah su ci soyayyiyar ayaba, ta kwana biyu ba ta leƙo ba.

Ka ce in zo in yi magana. Da wane bakin?

Ka sa Mak Esah a addu'a. Wassalam.

Yayarka,
Zabedah

*

Babban birnin jiha,
Laraba.

Kak Long,

Salam. Allah ya jiƙan Mak Esah, ya sa ta huta. Ita ce mai ɓoye min alewar kwakwa a haɓar zane duk ranar da Mak ta zane ni.

Yanzu ki bar ni in yi rashin kunya, ƙaninki ne ni, haƙƙina ne. Kina kare sunan Mak, ita kuma Mak tana tsaye bayan ƙofa da kwando. Sunan ne ke shan zafi a ɗakin nan ko ita? Kin ce mutane sun yi mana kara. Wace kara? Sun ce ki kulle ta, suka koma cin shinkafarsu. Ke kuma kin zama mai gadi, kin rame, har direban bas sai da ya faɗa min. In kika faɗi, wa zai ɗauke ku ku biyu?

Kowa a jihar nan rufin asiri yake, Kak. Rufin asirin ne ya ba dattijon can bakin cewa babu matsala. A kowane ƙauye akwai ƙofa irin taki, kowa na cewa tana barci.

In ba za ki zo ba, ni zan faɗa. Ni ma uwata ce. Ba zan ambaci suna ba, ba zan ambaci gari ba, zan ce wata tsohuwa a wani ƙauye. Matattu sun riga sun tafi, ba abin da zai same su. Masu rai nake ji. Na riga na sa sunana cikin masu magana, Puan Rohaya ta yarda.

Ki yi fushinki, in kin huce ki aiko da kifi.

Lan

*

Kampung Tok Randu,
Asabar.

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ban yi fushi ba. Rabin abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma "wata tsohuwa a wani ƙauye" daga bakin Mazlan ɗan Sepiah, wa zai kasa ganewa?

Akwai abin da na ɓoye maka. Na yi ta juya shi, ko ya halatta in faɗa ko bai halatta ba. Na ga gara ka ji kafin ka tsaya gaban mutane.

Mak ta fara ambaton Norlia.

Ka san Mak ce ta wanke matarka Norlia, ni na riƙe mata kai. Kai kana waje cikin maza. Kwanan baya ina taje wa Mak gashi, sai ta ce, "Matar Lan," ta ci gaba. Ba kowa a ɗakin sai ni. Tun daga nan takan maimaita, kullum da kalmomi iri ɗaya.

Ba zan rubuta ba. Ba don in azabtar da kai ba. Amanar Norlia ce, kuma ni ma ina cikin ɗakin ranar, ta hau kaina. Kada ka ɗauka mummunan abu ne, kada ka ɗauka kyakkyawa ne. Ba ni da izinin karkata ka ko'ina.

Abin da kake ji yanzu, da takardar nan a hannunka, shi kowane gida a gundumar nan zai ji ranar da ka yi magana. Ka ce matattu ba abin da zai same su. Wataƙila. Nasu fa da suka bari?

Ban so in nuna maka ta wannan hanyar ba, Lan. Na san na taɓa wurin da bai warke ba, da sanina na taɓa, kuma Allah zai tambaye ni. Ka yafe min.

Yayarka,
Zabedah

*

Kak Long,

Na cire sunana.

Ban je ofis ba, na ce ciki ne. Na ɗauki waya in kira ki ya fi a ƙirga. Kak, Norlia ta sha wahala ne fiye da yadda likitoci suka faɗa min? Akwai abin da ta ɓoye min? A'a. Kada ki amsa. Ki yi kamar ban tambaya ba.

Zama yana nan Litinin ta sama. Likitoci ne kawai da wani malamin jami'a. Puan Rohaya ta ce in ba a sami mai jinya ko ɗaya ba, ƙudirin zai koma aljihun tebur sai wata majalisar. Ban faɗa don in matsa miki ba. Na daina.

Babu wasa a wannan takardar. Na nema ban samu ba.

Lan

*

Kampung Tok Randu,
Talata.

Ƙanena Mazlan,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da ƙara damunka, wannan gajeriya ce.

Na yi istihara. Ka sa sunana. Zan zo.

Ba zan faɗi aikin Mak ba, ba zan faɗi abin da ya fito daga bakinta ba. Nawa zan faɗa. Zan ce ni mai karantar da yara Alƙur'ani ce, uwata ba ta da lafiya, ina kulle ta in zan fita, ina yi mata ƙarya, aminiyarta ta rasu na hana ta sani. Wannan asirina ne, ina da ikon yaye shi. Dattijon nan ya ce irina mu ji kunya a ɗakinmu. Na ji ta a ɗaki har ta ishe ni, bari in kawo masa ita ya gani.

Sai dai abu ɗaya. Tafiyar yini guda ce, zuwa da dawowa. Ba zan kulle ta in tafi in yi magana a kan kulle ta ba, kuma ba zan bar ta da maƙwabta ba, ka san dalili. Kai kaɗai ka rage. Ka zo ranar Lahadi, ka yini da ita Litinin, ƙofa a buɗe. Ba za ka ga zaman da ka sha wa wahala ba. Tana iya ɗaukarka mai gyaran wuta ne. Tana iya kuma kama hannunka ta ce, "Matar Lan," ta ci gaba, ni kuma ba na nan balle in kawar da maganar.

In ba za ka iya ba, ka faɗa min, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Sai in zauna da ita, mu bar wa Allah dokar.

Direban bas zai juyo jibi. Don Allah ka ba shi amsa.

Yayarka,
Zabedah